Sharhi: Bangon gari na magana, amma da bakin wa?

A tsakiyar watan Oktoban 2024 hukumomi suka sauya sunayen wasu tituna a birnin Yamai. Titin da ke ɗauke da sunan Janar de Gaulle ya koma titin Djibo Bakary, aka kuma cire hoton wani hafsan sojan Faransa mai suna Monteil daga wani ginin tunawa, aka sa na Thomas Sankara. Ko wanda bai taɓa shiga lakwal ba, in ya bi ta wurin ya san an yi canji, don fuska ba ta buƙatar tafinta. Gani ya kori ji.

Wannan ya sake tayar da wata magana da muka daɗe ba mu ba ta muhimmanci ba: hotuna da zane-zanen da ke jikin bangayen garuruwanmu, wa ke yin su, wa ke biya, kuma saƙon wa suke ɗauke da shi? A ƙasar da mafi yawan manya ba su karanta Faransanci, bango tamkar rediyo ne na ido. Bambancin kawai, shi ba a kashe shi, ba ya cin batir, kuma yaro da tsoho duk sai sun bi ta gabansa.

Abin da ya faru a Dakar

In ana maganar zanen bango a biranen Afirka ta Yamma, Dakar ta ƙasar Senegal ce kan gaba. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990, bayan rikicin zaɓen 1988, matasan unguwanni suka tashi da wani yunƙuri da ake kira Set Setal, wato tsabta da tsabtacewa a harshen Wolof. Suka share tituna, suka kwashe shara, sannan suka bi bangaye da fenti: shehunan ɗariƙa, jaruman tarihin ƙasarsu, gargaɗi kan cututtuka da ƙazanta. Ba gwamnati ta aike su ba. Unguwa ce ta ga bangonta ya yi muni, ta gyara shi da hannunta.

Irin da suka shuka ya tsiro. Tun 2010 ake yin wani biki na masu zanen bango a Dakar, Festigraff, wanda wani mai zane da aka fi sani da Docta ya kafa. Shi ya sa da cutar korona ta shigo a 2020, ba a sha wuyar neman masu isar da saƙo ba. Wata ƙungiyar matasa mai suna RBS Crew ta zana mutane suna wanke hannu, suna atishawa cikin gwiwar hannu, har a bangon jami'ar Cheikh Anta Diop. Darasin a nan shi ne, an saurari waɗannan yara ranar tsanani ne saboda tun ranar daɗi mutane sun saba da hannunsu, sun san ƴan gida ne.

Kwatano da Khartum

Direbobinmu da ƴan kasuwa da suka san hanyar tashar jiragen ruwa ta Kwatano za su iya ba da shaida. Doguwar katangar tashar, wadda da can ba mai kallonta sau biyu, masu zane na Benin da baƙinsu sun mai da ita littafin tarihi da ya doshi kilomita guda, a ƙarƙashin bikin Effet Graff. Akwai sarakunan Dahome, akwai matan nan mayaƙa, akwai kuma kayan tarihi 26 da Faransa ta mayar wa Benin a watan Nuwamban 2021. Wanda ba zai taɓa shiga gidan adana kayan tarihi ba, yana kan babur ya ga kayan kakanninsa. Sai dai katanga irin wannan tana da mai ita, ba a taɓa ta sai da izini, kuma abin da aka yarda a zana shi ake zanawa.

A Khartum ta Sudan kuwa labarin ya zo da ɗaci. A watan Afrilun 2019, lokacin zaman dirshan a gaban hedkwatar soja, matasa maza da mata suka cika bangaye da zane. Aka kifar da Umar al-Bashir ran 11 ga watan. Ran 3 ga Yuni aka tarwatsa masu zaman da ƙarfin bindiga, bayan nan aka shafe da yawa daga zanen. Wata mai zane, Assil Diab, ta riƙa bin gidajen waɗanda aka kashe, tana zana fuskokinsu a bangon gidajen iyayensu, da yardar iyalan. Ai da zane wasan yara ne, da ba wanda zai ɓata fentinsa wajen shafe shi.

Mu ma fa muna da namu

Kada wani ya ce wannan al'adar Turawa ce aka kwaso. Duk wanda ya zaga unguwar Birni a Damagaram ya ga fuskokin gidaje da magina suka ƙawata tun zamanin kakanni: dagi, takobi, zane mai tudu da kwari a jikin laka, zankwaye a saman soro. Haka a tsohon garin Agadas, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013. A Kano da Zariya har keke da agogo da jirgin sama magina suka riƙa sawa a fuskar zaure, don a san maigidan ya waye ko ya yi arziki. Bangon Bahaushe ya daɗe yana magana.

Magina sun kuma warware mana wata matsala tun kafin a haife mu. Sananne ne malamai da dama ba su son a zana abu mai rai, kuma akwai magidantan da ba za su yarda a sa fuskar mutum a jikin gidansu ba. Wannan ra'ayi ne da ya kamata a girmama. Ga dagi nan, ga tsirrai, ga rubutu mai kyau, ga kayan sana'a. Mai basira ba ya rasa abin zanawa.

Abin tsoro shi ne wannan gado yana zubewa a kan idonmu. A farkon Satumban 2024 ruwan sama ya rusa tsohon masallacin Damagaram, ginin ƙasa da ya haura shekara 150. Gidajen laka nawa suka faɗi a daminar nan da adonsu, ba wanda ya ɗauki ko hotonsu? Mai hali yanzu bulo da siminti yake so, ya shafa fenti launi guda ya huta. Ɗan magini kuma ya ga sana'ar uba ba ta ciyarwa, ya kama kabu-kabu ko ya tafi ci-rani.

Wa ke biyan mai fenti?

Masu zane ba su ƙare ba a Maraɗi, Tawa, Damagaram ko Yamai. Su ne ke zana kawuna a allon mai aski, ɗinki a shagon tela, dawisu da zaki a bayan manyan motoci. Yawancinsu a hannun wani maigida suka koya, ba a makaranta ba. Babban aiki kuwa, in ya zo, daga wuri biyu yake fitowa: ƙungiyoyin agaji masu son a zana gidan sauro, rigakafi ko wanke hannu, da kuma masu mulki ko masu neman mulki.

Ba laifi ba ne mai sana'a ya karɓi aikin da ya samu, yana da iyali. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sau da yawa daga ofis ake aiko hoton a takarda, da rubutun Faransanci, da tambarin mai ba da kuɗi wanda ya fi saƙon girma. Mai zane ya kwafa, a biya shi, ba sunansa a jiki. In kwangila ta ƙare, rana da hunturu da damina su cinye fentin, ba mai waiwaya, don unguwa ba ta taɓa ɗaukar zanen a matsayin nata ba. A nan ne muka bambanta da Dakar.

Ga kuma wata dama da ta buɗe. A watan Maris na 2025 sabon kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. To, ina za a fara ganin wannan a zahiri in ba a bango ba? Rubuta saƙo da Hausa, da boko da ajami, a katangar asibiti ko kasuwa, bai kai tsadar buga littafi ba, kuma almajiri da ɗan lakwal duk za su karanta. A inda ake jin Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek ko Barbarci, a sa su ma.

Abin da za a iya yi

Ma'aikatun magajin gari suna da bangaye birjik: makarantu, tashoshin mota, kasuwanni, gidajen likita. Su ware wasu, su ba matasan garin. Kafin a tsoma buroshi, a zauna da mai unguwa, liman, mata da samari, a tambaye su abin da suke so jikokinsu su gani. A yi ciniki a fili, a biya mai zane haƙƙinsa, a bar shi ya sa sunansa. A haɗa tsoffin magina da yara masu fenti, wannan ya ba da dagi, wancan ya ba da launi. Kuma hukuma ta yi haƙuri in bango ya ambaci shara, tsadar hatsi ko magudanar ruwa da ta toshe, don bangon da yabo kaɗai ya iya, ba a daɗe ana kallonsa.

Ku kuma ƴan uwa da ke Abijan, Akra, Legas, Aljeriya ko Libiya, masu aiko kuɗi ana yi muku gini a gida, kuna da hannu a wannan magana. In an zo fuskar zaure, ku tambaya ko akwai sauran magini ko mai zane a garinku, ku ba shi aikin. Ƴan jikkunan da za ku ƙara ba za su hana rufi ba, amma za su iya sa wani yaro ya tsaya ya koyi sana'ar ubansa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma baƙo in ya shigo gari, bango yake fara gaisawa da shi kafin ya ga maigida.