Fassarar da Ba a Bibiya Tarko Ce



Duk sa'ad da aka ji wata manhaja ta fara magana da Hausa, murna takan ratsa zangunanmu, tun daga Nima da Sabon Zango na Ankara har Kumasi da Tamale. A 2013 Google ya shigar da Hausa cikin manhajarsa ta fassara, a 2016 Facebook ya bi sahu. Murnar tana kan hanya. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba: in an watse daga taron suna, wa zai reni jaririn?

Kowace kwamfuta tana da babbar manhajar da ke tafiyar da ita, kamar Windows. Akwai kuma na kyauta waɗanda aka gina kan Linux, daga cikinsu akwai Debian, wadda Ian Murdock ya assasa a 1993, kuma 'yan sa kai ne ke riƙe da ita har yau. Debian tana da littafin jagora mai nuna yadda ake girka ta a kwamfuta mataki-mataki. Da Turanci ake rubuta shi, sannan a mayar da shi Faransanci, Jamusanci, Japananci da wasu harsuna. Hausa ba ta cikinsu tukuna. Kafin mu yi marmarin shiga, ya kamata mu san nauyin da za mu ɗauka.

Ga yadda aikin yake. Ana tsinto kowane sakin layi na Turanci a jera cikin fayil guda da ake kira POT, a bar gurbi a ƙarƙashin kowanne. Mu kira shi allon asali. Kowane harshe yana kwafar allon ya cike guraben da nasa kalmomin, kwafin nan shi ake kira PO. Ranar da marubuta suka taɓa Turancin, sai a sabunta allon asali, a sa wata 'yar manhaja mai suna msgmerge ta gwada shi da allon kowane harshe. Abin da bai canja ba ya zauna daram. Abin da aka ƙaro ya fito da gurbi fanko. Abin da aka yi wa kwaskwarima kuwa a ɗora masa alamar shakka, a daina nuna fassararsa, Turanci ya dawo wurin har sai mutum ya duba ya ɗage alamar. Wata manhajar irin wannan aiki, po4a, a bisa tsarinta na asali ba ta ma fitar da takardar da fassararta ta gaza kashi 80 cikin 100. Ashe fassara tana iya mutuwa ba tare da kowa ya goge ko harafi ɗaya ba, muddin aka bar ta ba mai leƙawa.

Kada a ɗauka canje-canjen nan na ado ne. Debian takan fitar da sabon zubi kusan duk shekara biyu. Kafin zubi na 12, wanda ya fito a watan Yuni na 2023, faifan girkawa na hukuma ba ya ɗauke da wasu ƙananan manhajojin kamfanoni da ke tayar da sassan na'ura, irin katin intanet mara waya. Sai mutum ya nemo su daban. Daga zubi na 12 aka sa su ciki. A watan Agusta na 2025 zubi na 13 ya fito, aka daina yi wa tsofaffin kwamfutoci masu bit 32 faifan girkawa. Wanda ke riƙe da tsohuwar fassara zai kwana neman abin da babu shi, ko ya sha wahalar da aka riga aka ɗauke masa. Mafi haɗari shi ne matakin rarraba rumbun ajiya: zaɓi ɗaya na kuskure ya isa ya share duk abin da ke cikin na'urar, ko rajistar makarantar Islamiyya ce, ko lissafin adashin mata, ko takardun filayen unguwa.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. Da yawa daga kwamfutocin da ke shagunanmu da makarantunmu na hannu ne, waɗanda aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Tema. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10, kuma ba kowace tsohuwar na'ura ce ke iya ɗaukar Windows 11 ba. Manhajar kyauta tana daga hanyoyin da za su ƙara wa irin waɗannan na'urori kwana, in an samu jagora mai gaskiya cikin harshen da mai su ke ji.

Wanda ya zauna gaban malami a zaure ba baƙo ba ne ga wannan ɗabi'a. Magabata in sun kwafi littafi, ba sa sakin sa sai an yi muƙabala: ɗaya na karanta asali, ɗaya na bin kwafi da ido, a gyara a gefe, a sa alamar inda aka tsaya. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934, har littafi ya wallafa kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa, domin magatakarda su samu abin ɗora alƙalami a kai. Bambancin ɗaya ne. Risalar Ibn Abi Zaid ta haura shekara dubu mataninta bai motsa ba, saboda haka fassarar da kaka ya rataya a gefen shafi tana yi wa jika amfani. Matanin littafin kwamfuta kuwa tafiya yake yi. Muƙabalarsa ba ta da ranar sauka.

Wani zai ce yaranmu sun yi boko, su karanta Turancin mana. To, da limamin da ke son adana huɗubobinsa, da 'yar kasuwar da karatunta na allo ne, su a bar su ke nan? Wani kuma zai ce na'ura ma tana fassara. Tana yi, kuma tana rage wahala. Amma ba ta ɗaukar alhaki. In ta kawo "goge" inda ake nufin "ajiye", ba wanda za a kira fada a tambaya. Alamar shakka mutum take jira, wanda ya gwada matakin da hannunsa ya ga abin da ya faru.

Mu da muke 'yan tsiraru a nan Gana, ba hukumar da za ta yi mana. Ana jin Hausa a gidan rediyon ƙasa, amma ba ta cikin harsunan da gwamnati ta ɗauki nauyin koyarwa a makarantu. Saboda haka ga shawarata. Kada a fara da littafin gaba ɗaya. A ɗauki babin rarraba rumbu da na matakan farko, a ƙware a kansu. A haɗa matashi mai sanin na'ura da dattijo mai sanin harshe a kan allo ɗaya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A buɗe kundin kalmomi, kada "girka" ta yau ta zama "dasa" gobe. A bi daidaitacciyar Hausa da ƙugiyoyinta, ɓ da ɗ da ƙ, ko da bakinmu na zango ya saba da sauƙaƙa su, don ɗan Kano da ɗan Maraɗi su iya karɓar aikin in mun gaji. Sama da kome, a naɗa wanda zai riƙa duba allon asali wata-wata, a san sunansa kamar yadda aka san ladanin masallaci, kuma ƙungiyoyin unguwa su ɗauke masa kuɗin intanet.

In ba za mu iya wannan ba, gara kada a fara, don da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Mai karanta Turancin da bai gane ba yakan tsaya ya yi tambaya. Mai karanta tsohuwar Hausa kuwa ya amince da ita, zai danna ba fargaba. Amanar nan da ya ba harshensa ita ce abin da za a tambaye mu a kai.

Allah ya ba mu ikon riƙe abin da muka fara. Wassalam.