Hajijiyar Kunne Da Gishirin Da Ke Ɓoye A Tukunya



Wa ya manta wasan hajijiya? Muna yara sai mu buɗe hannuwa a tsakar gida mu yi ta juyi, mu tsaya cak, amma ƙasa ta ƙi tsayawa. Katanga na gudu, bishiya na gudu, mu zube muna dariya. Kafin minti ɗaya komai ya koma daidai. To ku ɗauka wannan juyin ya zo wa mutum ba tare da ya yi wasan ba, yana tsaka da aikinsa, kuma ya ƙi tafiya har awa uku ko huɗu. Ga amai, ga gumi, ga kunne ɗaya ya toshe yana ƙara kamar injin markaɗe.

Abin da gwaggonmu ta yi fama da shi ke nan lokacin muna aji biyar na sakandare. Ƙosai take soyawa da safe a ƙofar gida. Wata rana abin ya zo mata tana gaban kasko, ta faɗi gefe, saura ƙiris hannunta ya faɗa cikin mai. Maƙwabta suka ce iska ce. Wani mai kemis ya ce taifod, aka sha magani ba sauƙi. Sai da aka kusa shekara biyu ana wannan lalube kafin a kai ta wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Ya gwada jinta, ya yi mata tambayoyi masu yawa, sannan ya faɗi sunan cutar: Meniya.

Sunan wani likitan Faransa ne, Prosper Ménière, wanda a 1861 ya bayyana wa likitocin birnin Faris cewa irin wannan hajijiya daga cikin kunne take tasowa. Kafin shi, ƙwaƙwalwa ake zargi. Masu darasin Bayoloji sun san zanen. Can bayan dodon kunne, cikin ƙashin kai, akwai wani ɓangare a naɗe kamar katantanwa, shi ne na ji. Kusa da shi akwai 'yan bututu uku masu lanƙwasa, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda kai ya juya. Duk cikinsu ruwa ne da 'yan gashi ƙanana. In muka yi juyi muka tsaya, ruwan yana ci gaba da zagawa na ɗan lokaci, kamar kunun da aka dama aka cire ludayi, shi ya sa muke ganin duniya na gudu. A cutar Meniya ruwan ne yake taruwa ya yi yawa, ya kumbura 'yar fatar da ke riƙe da shi, sai saƙon da ke zuwa ƙwaƙwalwa ya rikice. Hajijiyar kan ɗauki daga minti 20 zuwa awa 12, ta tafi, ta sake dawowa bayan kwanaki ko watanni. Ji kuma yana raguwa a hankali, galibi a kunne ɗaya.

Ba cutar talaka ba ce kawai. Alan Shepard, Ba'amurke na farko da ya je sararin samaniya a 1961, ita ce ta hana shi tashi tsawon shekaru. An yi masa tiyata a kunne a 1968, kuma a 1971 ya taka duniyar wata. Gwaggo da muka ba ta wannan labari cewa ta yi ita ba ta neman zuwa wata, a bar ta ta koma gaban kaskonta.

Likita ya rubuta mata magani, sannan ya ce abu na farko da za a gyara a gida shi ne gishiri. Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Gishiri yana jan ruwa. Ku barbaɗa shi a kan yankakken tumatir ku ga yadda ruwa zai fito, ko ku tuna ƙishirwar da ke biyo bayan cin kilishi. In gishiri ya yi yawa a jiki, jiki yana riƙe ruwa, kuma likitoci na ganin hakan yana iya taɓa ruwan cikin kunne. Tun shekarun 1930 likitoci a Amurka suka fara sa masu wannan cuta su rage gishiri, har yau kuma ita ce shawarar farko da ake ba su. Gara dai mu faɗi gaskiya: masanan da suka tattara binciken da aka yi a kai sun ce hujjar ba ta yi ƙarfi sosai ba. Wani yana ganin sauƙi ƙwarai, wani kaɗan. Rage gishiri ba ya warkar da cutar, ba ya dawo da jin da ya tafi, kuma ba ya maye gurbin magani. Amma ba ya cin kuɗi, kuma ko ba don kunne ba yana kare mutum daga hawan jini, don haka a ganinmu ba asara a gwada shi da gaske.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato kimanin cokalin shayi ɗaya. Masu cutar Meniya akan ce su tsaya a nan ko ƙasa da haka kaɗan, tsakanin miligiram 1,500 zuwa 2,000 na sodiyam, wanda shi ne sinadarin cikin gishiri da ke riƙe ruwan. Da muka dawo gida da wannan bayani kowa ya ce to ai da sauƙi, mu ba masu cin gishiri ba ne, ɗan kaɗan ake sawa a miya. Aka rage na cikin kwalba, aka zauna jiran sakamako. Wata guda ba abin da ya sauya.

Sai da muka zauna da biro da takarda muka gano inda gizo ke saƙa. Mu ake aika cefane, don haka mun san abin da ke shiga tukunya. Miyar dare kaɗai tana cin dunƙule shida. Ƙaramin dunƙule nauyinsa kusan giram 4 ne, kuma kusan rabinsa gishiri ne zalla. Shida ke nan sun ba da wajen giram 12. A ƙara cokalin shayi biyu na gishirin kwalba, an kai 22. Mu bakwai ke cin miyar, kowa ya tashi da wajen giram 3 a tuwon dare kawai, fiye da rabin abin da ya kamata ya ci daga safe har dare. Ba mu lissafa farin magi ba, wanda shi ma sodiyam ne a cikinsa duk da ba ya ɗanɗanon gishiri. Ba mu lissafa yajin da ake barbaɗa wa ƙosai da wake da shinkafa ba, wanda da dunƙule da gishiri ake daka shi.

Wanda ya fi ba mu mamaki shi ne kanwa. Wa zai ce kanwa 'yar'uwar gishiri ce? Amma ku tambayi malamin Kemistiri, zai gaya muku sodiyam ne ginshiƙinta. Ga ta a ɗanwake, ga ta a miyar kuɓewa, ga ta a dafa wake don ya yi saurin nuna, ga kunun kanwa da Gwaggo take sha kusan kullum. Sai kuma kayan shago: taliyar leda da 'yar ƙullin garin da ke cikinta, kifin gwangwani, burodi, biskit mai gishiri, soyayyiyar gyaɗa mai gishiri. Tsire da kilishi kuwa ba sai an faɗa ba.

Nan ne karatunku zai yi wa gida amfani, domin a gidaje da yawa ɗan sakandare ne kaɗai zai tsaya ya karanta ƙananan rubutun da ke bayan leda. Ku nemi inda aka rubuta yawan sodiyam. Ku ninka shi sau biyu da rabi, shi ne yawan gishirin. Idan an rubuta miligiram 800, gishiri giram 2 ke nan. Ku lura kuma ko lissafin na ledar gaba ɗaya ne ko na giram 100 ne kawai, don a nan mutane da yawa ke ruɗewa.

Da farko dabarar da aka yi a gidanmu ita ce a ɗebar wa Gwaggo miyarta kafin a sa dunƙule. Bai yi aiki ba. Tana kallon kowa na lashe kwano, ita tata salam, ta ce an mai da ita maras lafiyar asibiti, in ba kowa sai ta kai hannu kwalbar yaji. Ba mu ga laifinta ba. Daga baya aka yanke shawarar rage na tukunyar gaba ɗaya, a hankali: shida suka koma huɗu, huɗu suka koma biyu. Aka ƙara daddawa, albasa mai yawa, tafarnuwa, citta, masoro da kimba, a matsa lemun tsami a kan kifi da wake. Daddawar ma sai an tambayi mai sayarwa, don wasu suna sa mata gishiri kada ta lalace. Wake ana jiƙa shi tun dare, da safe ya nuna ba kanwa. Yaji aka koma dakawa a gida da ƙuli-ƙuli da barkono da citta. Makon farko ƙannenmu sun yi ta ƙorafi. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, har ta kai in muka ci abincin waje sai mu ji gishiri ya yi mana kauri.

Akwai wani abu da likitan ya nanata wanda muka fi saurin mantawa, wato daidaito. Kunnen ba ya son hawa da sauka. Mutum ya yi kwana shida yana kiyayewa, ranar Asabar ya je biki ya cika ciki da dambun nama da soyayyiyar shinkafa, wannan tashin na lokaci ɗaya yana iya tayar da abin. Haka wuni da yunwa sannan a zo a ci mai yawa da dare. An fi so a ci abinci a kan lokaci, gishirin ya rarrabu daidai tsakanin safe da rana da dare. Ruwa ma a riƙa sha a kai a kai, musamman a zafin bazara, kada a jira sai maƙogwaro ya bushe. Wasu suna jin an ce ruwa ya taru a kunne sai su rage shan ruwa, wannan kuskure ne. Kada kuma a ce za a daina gishiri ɗungurungum. Jiki yana buƙatar kaɗan, balle ga mai aiki cikin rana yana gumi, kuma gishirin leda mai sinadarin aidin shi ke kare mu daga maƙoƙo. Mai wannan cuta da ke shan maganin sa fitsari, in azumi ya gabato ya koma wurin likitansa tun da wuri su tsara yadda zai yi.

Sai maganar goro, wadda ta fi gishiri wahala a wurin Gwaggo. Goro, shayi mai kauri, kofi, baƙin lemon kwalba da lemukan ƙara kuzari duk suna ɗauke da kafeyin, kuma ana shawartar masu cutar su rage shi, domin wasunsu suna lura yana ƙara musu ƙarar kunne. Taba da giya ma suna cikin abin da ake hana su. Tunda mun zo nan bari mu ɗan taɓa ku: masu haɗa kofi da lemon kuzari don karatun dare, mu ma mun yi, kuma abin da muka samu shi ne bugun zuciya da barci a ɗakin jarrabawa.

Tunda abin da ke tayar wa wani ba lallai ya tayar wa wani ba, likita ya ce a riƙa rubutawa. Muka ware tsohon littafin rubutu guda: kwanan wata, abin da ta ci, ko ta sami barci, ƙarfe nawa hajijiyar ta fara, ƙarfe nawa ta sake ta. Bayan wata uku muka ga yawancin ranakun da abin ya taso sun biyo bayan biki ne ko daren da ba ta yi barci sosai ba. Likitan ya fi daɗewa a kan littafin nan fiye da kan bayanin bakinmu.

Kada wani ya karanta wannan ya ce shi ma Meniya gare shi don ya taɓa jin jiri a layin asambuli. Cutar ta fi kama masu shekara 40 zuwa 60. Jirin ɗalibi galibi na rashin karin kumallo ne, ko ƙarancin jini, ko zazzaɓin cizon sauro, ko ƙishirwa, kuma rage gishiri ba ya maganin ko ɗaya a cikinsu. Likita ne kawai zai tantance, bayan gwajin ji. In hajijiya ta kama wani a gabanku, ku janye shi daga wuta ko bakin rijiya ko titi, ya kwanta, kada ya motsa kai, ya kafa ido a kan abu ɗaya. Kada a ɗiga masa komai a kunne, ruwan da ake magana yana can inda ɗigo ba ya kaiwa. In kuwa jirin ya zo da karkacewar baki, ko sarƙewar harshe, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko ganin abu bibbiyu, wannan yana iya zama shanyewar ɓarin jiki, a ruga asibiti a take.

Gwaggo ta koma suyar ƙosai, amma a zaune, kuma ba a barin ta ita kaɗai a gaban wuta. Tana shan maganinta. Hajijiyar takan zo har yanzu, sai dai a da kusan duk mako ne, yanzu akan yi watanni. Kunnenta na hagu bai dawo ba, duk mai son magana da ita sai ya zagayo ta dama. Goro kuwa an yi ciniki an tsaya a kan ɓari ɗaya da hantsi, ko da yake hutun da ya wuce mun tsinci wani ƙulli a ƙarƙashin matashinta.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.