Kumburin Kumatu Ba Shi Ne Gwanintar Mai Algaita Ba

Daga Wakilinmu, Isolo

Jama'a, kwanakin baya na halarci wani ɗaurin aure a nan Isolo, inda aka gayyato masu algaita biyu, ɗaya saurayi daga Agege, ɗayan kuwa dattijo ne da ya zo da yaronsa daga Idi-Araba. Saurayin nan ya cika kumatu kamar za su fashe, ya riƙe sauti guda ya fi minti biyu bai tsaya ba, sai liƙi ake ta yi masa. Dattijon ya busa taken uban ango har mutumin ya share hawaye, amma abin da ya samu bai kai kuɗin motarsa ba. Wannan ne ya sa na ce bari in ɗan yi magana a kan yadda muke auna mabusa a nan Ikko.

Jan numfashi ba tare da yankewa ba abu ne mai wuya, ban musa ba. Mai algaita yana tara iska a kumatu, ya riƙa tura ta cikin algaitar yayin da yake shaƙar wata ta hanci. Amma fa wannan matakin farko ne, kamar a ce ɗan makaranta ya iya riƙe alƙalami. Algaita magana take yi. Da 'yan ramukan nan nata ƙalilan, gwani yakan bi hawa da saukar harshen Hausa har mai sauraro ya ji kalmomin kirari a cikin busar. Wanda ya busa take ba a gane na wane ne ba, ko da ya kwana yana busa, hayaniya kawai ya yi. Sannan a duba ko yana tafiya tare da mai ganga, ko kuwa kowa gabansa yake yi.

Ma'auni na biyu shi ne wanda muka fi sakaci da shi, wato koyarwa. Masu busa kilarinet, 'yar'uwar algaita ta Turawa da muke ji a badujalar soja da ta 'yan sanda, ba a barinsu haka nan. Akwai makarantar kiɗa ta soja a Ojo, akwai kuma ta ƙungiyar MUSON a Onikan, ƙungiyar da aka kafa a 1983. A can ɗalibi yakan zauna jarrabawa mataki-mataki, kuma sakamakon ɗalibai shi ke nuna ko malaminsu ya iya koyarwa. Sau da yawa wanda ya fi kowa daɗin busa ba shi ne ya fi iya koyar da ita ba, domin koyarwa tana son haƙuri da iya bayani. Ko Yusef Lateef, shahararren mabushin nan na Amurka da ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana binciken sarewar Fulani, da ya koma gida koyarwa ya ci gaba da yi a jami'a.

Mu a Arewa gado ne ke riƙe da sana'ar. Yaro ya tashi a gidan Sarkin Busa, ya bi ubansa fada, ya haddace taken sarakuna tun bai san amfaninsu ba. To, a Kurmi wa zai yi wannan? 'Ya'yan mabusan sun tafi kasuwa da tuƙin Keke, masu biki kuma sun koma ɗauko mai faifai da manyan lasifiƙoƙi domin ya fi araha. Idan ba a yi hattara ba, nan gaba sarakunan Hausawa na Agege da Mile 12 da Alaba Rago sai sun aika Kano ko Zariya kafin a samu mai busa musu a ranar Salla.

Shi ya sa dattijon can ya fi burge ni. Ana cikin biki ya miƙa wa yaronsa algaitar, yaron ya yi kuskure, ya gyara masa da yatsa a hankali, ba tsawa, yaron ya sake, ya kuwa yi daidai. Saurayin da na tambaye shi ko yana da almajiri, cewa ya yi ba zai koya wa wanda zai ƙwace masa kasuwa ba.

Shawarata ga masu biki da fadawan sarakunanmu ita ce, kafin a yi ciniki da mabushi a tambaye shi take nawa ya sani, a kuma ce ya zo da yaronsa ya busa a ji. In yaron ya iya, a ƙara wa maigidan kuɗi, a kuma ba yaron nasa daban.