Digirin digirgir a gida: ina malamin sinadarai na Potiskum zai sami kwamfuta?

Matakai biyu na gwamnatin tarayya sun yi karo a Kwalejin Ilimi ta Tarayya (Fasaha) da ke Potiskum. Dokar kwalejojin ilimi ta 2023 ta ba irin waɗannan makarantu damar bayar da digiri ban da takardar NCE, abin da ke buƙatar ƙarin malamai masu digirin digirgir. Sai kuma asusun TETFund ya dakatar da tura malamai karatu ƙetare daga Janairun 2025, bisa hujjar tsadar canji da yadda wasu ke ƙin dawowa. Ke nan an ƙara wa malami kaya, an kuma rufe masa hanya guda.

A fannoni da dama wannan babbar illa ce, amma kimiyyar sinadarai ta kwantum tana cikin ƙalilan da za a iya yi a gida. Mai wannan bincike ba ya buƙatar kwalabe da sinadarai masu tsada. Aikinsa shi ne warware lissafin da Erwin Schrödinger ya fitar a 1926, domin gano yadda ilektiron ke zama a jikin ƙwayar sinadari, daga nan a yi hasashen ko wani magani zai kama, ko wani abu zai hana ƙarfe tsatsa. Hanyoyin yin wannan lissafi da kwamfuta ne suka jawo wa Walter Kohn da John Pople kyautar Nobel a 1998. Sashen sinadarai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ya daɗe yana wallafa irin wannan aiki, musamman wajen tantance magunguna.

Inda gizo ke saƙar shi ne nauyin lissafin. Hanyar DFT, wadda aka fi amfani da ita, takan yiwu a kwamfutar ofis idan ƙwayar ƙarama ce. Amma hanyar CCSD(T), wadda masana ke auna sahihancin sauran da ita, idan aka ninka girman ƙwaya sau biyu, aikin yakan ninku kusan sau 128. Lissafin kwana guda sai ya koma na wata huɗu, kuma ɗauke wuta sau ɗaya na iya mayar da shi farko. Duk wanda ya san wutar Yobe ya san ma'anar wannan. Sakamakon shi ne ɗalibi ya tsaya kan abin da kwamfutarsa za ta ɗauka, kundin ya fito, amma bai taɓa zurfin fannin ba.

Afirka ta Kudu ta magance wannan da cibiya guda a Cape Town, wato CHPC, inda masu bincike ke aika lissafinsu ta intanet. Manhaja ma ba ita ce cikas ba, tunda ORCA kyauta ce ga masu binciken jami'a.

Ga masu tsara kasafi a Abuja, abin dubawa shi ne inda kuɗin da aka daina kashewa a ƙetare suka nufa. Gini yana da farin jini domin ana yanka masa kyalle, amma kuɗin wuta, intanet da albashin injiniyan da zai kula da na'urori duk shekara su ne ke rayar da irin wannan cibiya. Akwai kuma batun mai duba kundi: malamin Potiskum zai yi rajista ne a Zariya, Kano ko Maiduguri, don haka dole damar shiga cibiyar ta bi sunan mai bincike, ko da makarantarsa kwaleji ce ba jami'a ba.