Allon Jifa Mai Lantarki: A Yi Wasa, A Bar Kuɗi A Aljihu

 Yau muna so mu yi magana a kan wani ɗan wasa da muka gani da idonmu, wanda ya ba mu dariya ranar farko, sannan ya sa muka yi shiru bayan mako biyu.

Kwanakin baya mun halarci sunan ɗan wani maƙwabcinmu a Kasalgu, nan gefen Tamale. Bayan la'asar, an ci an sha, sai ƙanen mai jego, wanda ke fataucin kayan lantarki daga Lome, ya fito da wani faifai daga cikin kwali ya rataya a bangon zaure. Allon jifa ne irin na Turawa, wanda suke kira dat. An raba shi gida 20, kowane gida da lambarsa, ga kuma cibiya a tsakiya mai maki 50. Fuskarsa roba ce mai ƙananan huji birjik, 'yan kibau ɗin kuma bakinsu na roba ne, don haka ba sa huda bango balle su yi wa yaro mummunan rauni. Ana rataya shi yadda cibiyar za ta kai tsayin ƙafa 5 da inci 8 daga ƙasa, mai jifa kuma ya ja baya ƙafa 8. Kibiya na shiga sai allon ya yi ƙara ya nuna maki da kansa. Da batir yake aiki, ko an ɗauke wuta ba ruwansa.

Wasan da aka yi a ranar shi ne wanda yaran suka raɗa wa suna kashe-ni-in-kashe-ka. Kowa zai yi jifa ɗaya da hannun da bai saba ba, lambar da ya samu ta zama gidansa, a ba shi rai 3. Wanda ya sami siririn zoben waje na gidansa, shi ya zama maharbi, daga nan sai ya shiga farautar gidajen sauran. Duk wanda aka harbi gidansa sau 3 ya fita, ya koma gefe yana zuga. Na ƙarshen da ya rage shi ya ci.

Gaskiya an yi raha. Wani dattijo mai sayar da goro a kasuwar Aboabo, wanda bai taɓa riƙe irin wannan kibiya ba, shi ya fitar da samari uku a jere. Jikansa na cewa, "Baba, ka ji tausayina mana," shi kuwa yana amsa masa da, "Kai dai tsaya nan, ja'iri, yau za ka san kakanninmu 'yan baka ne." Abin da ya fi burge mu shi ne babu musu. Duk wanda ya taɓa zama wajen ludo ko daram ya san yadda gardamar an taɓa ko ba a taɓa ba take raba abokai. A nan allo ne alƙali, kuma ba ya karɓar goro. Mun tashi muna cewa, a wannan zamani da kowane yaro ya dunƙule a kan waya, abin da zai tara kaka da jika suna dariya tare ai alheri ne.

Bayan mako biyu muka bi ta wata majalisar shayi, irin wadda samarinmu ke kira bes, sai ga allon nan a rataye. Wasan dai shi ne, amma fuskoki sun canja. Kowa na aza sidi 2 kafin ya riƙe kibiya, wanda ya rage ya kwashe. Kafin mu gama kofi na biyu an kai sidi 10. Dattawa sun janye, dariya ta ragu, wani yaron shago ya fita sau uku a jere yana laluben aljihu, kuma mun san kuɗin da ke aljihun nan na cinikin maigidansa ne.

A nan muke so a tsaya a yi tunani, domin wannan wasa yana da wani hali da ya sa bai dace da kuɗi ba ko kaɗan. A cikinsa maharbi ne ke zaɓen wanda zai harba. Mutum biyu ko uku suna iya taruwa a kan mutum ɗaya su fitar da shi, kuma ba su karya doka ba. Idan don raha ake yi, wannan taron dangi shi ne gishirin wasan, domin da shi ake kayar da gwani a yi masa ihu. Amma da zarar an aza kuɗi, sai ya zama hanyar damfara mafi sauƙi. Abokai uku su ƙifta ido, su gayyato baƙo, su fitar da shi tun zagayen farko, su je bayan gida su raba abin da ya aza. Allon zai nuna maki daidai, ba zai yi ƙarya ba, amma ba ya ganin ƙifta ido. Baƙon zai tafi yana zargin hannunsa, gobe ma ya dawo don ya rama.

Wa ya fi zama baƙo da kuɗi a jiki kamar ɗan kasuwar kan iyaka? Ku kun fi mu sani. Motar albasa ta taso daga Galmi, ta maƙale a bakin boda kwana biyu ana jiran takardun kwastan. Direba da yaran mota da wakilin mai kaya suna zaune, ba aikin yi, ga kuɗin hanya a jaka, ga sauran a waya. Zaman jira shi ne kasuwar mai caca. Da karta ce, da yaro ya ji kunyar a gan shi, domin kowa ya san sunanta. Allon jifa kuwa yana da fitilu da kiɗa da kamannin wasan motsa jiki, har Alhaji ma zai iya wucewa ya yi murmushi bai san an fara cin jarinsa ba. Kaya irin wannan ba ya daɗewa kafin ya bazu, kuma ta hannunmu 'yan kasuwa zai bazu, don haka mu ya kamata mu fara magana.

Wani saurayi ya ce mana, "Yaya, ai wannan gwaninta ce, ba sa'a ba, kuma Turawa na arziki da shi." Ba mu musa ba cewa akwai gwaninta. A watan Janairun 2025 wani yaro ɗan Ingila mai shekara 17, Luke Littler, ya ci gasar duniya a Landan ya karɓi fam 500,000, ya kuma sake ci a Janairun 2026. A Disambar 2025 wani likitan dabbobi ɗan Kenya, David Munyua, ya kayar da gwanin Beljiyam Mike De Decker a wannan gasa, Afirka ta yi alfahari. Sai dai kuɗin da waɗannan ke karɓa kyauta ce da masu shirya gasa suka ajiye, ba daga aljihun wanda suka kayar take fitowa ba. A majalisar shayi kuwa, abin da ka ci shi ne abin da ɗan'uwanka ya rasa. Malamanmu sun sha bayyana mana cewa wannan ita ce cacar da aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta hana, ko da wane irin kaya aka yi ta.

Kuma ba yau muka fara ganin irin wannan ba. Mun ga yadda injinan jakfot suka cika lunguna, 'yan makaranta na zuba kuɗin abincinsu. Mun ga cacar ƙwallo ta shiga waya. Ƙasar nan tana da dokar caca tun 2006, wadda ta kafa hukumar da ke ba da lasisi, ta kuma hana wanda bai kai shekara 18 ba shiga. Gwamnati ta sa harajin kashi 10 cikin 100 a kan abin da aka ci a 2023, aka soke shi a 2025. Duk wannan ya shafi masu shago da rajista ne. Babu jami'in da zai zo ya tsaya a kan allon da ke rataye a gindin bishiya. Wannan aikin masu unguwa ne da iyayen gida.

Shawararmu ba ta da tsawo. Wanda ya sayi allo, ya sa masa doka tun ranar farko: ba a aza ko pesuwa ɗaya. In ana son a ji zafin faɗuwa, wanda ya fara fita shi zai hura gawayi ya wanke kofunan shayi. In ana son kyauta, wani babba da ba ya cikin wasan ya ajiye ta, ko sabulu ne ko katin waya. A rataya allon a fili inda manya ke gani, a sauke shi in an kira salla. Shugabannin tasha da sarakunan zango da ƙungiyoyin 'yan albasa da na shanu su ja kunnen yaransu tun yanzu, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mai kawo kayan kuma, ya sayar ya ci halaliyarsa, amma kada ya zama mai karɓar la'ada a kan kowane zagaye.

Muna son mu sake ganin dattijon nan na Aboabo yana kayar da jikansa, jama'a na dariya, kowa ya koma gida da kuɗinsa cif. Allah Ya tsare mana dukiyarmu da 'ya'yanmu, Ya sa albarka a kasuwa, amin.