Ƙirƙirarriyar basira: wa ke da haƙƙin muryar Narambaɗa?

Sama da shekaru 60 bayan rasuwar Ibrahim Narambaɗa, makaɗin fadar Sarkin Gobir na Isa, har yanzu waƙoƙinsa irin su Bakandamiya na yawo a wayoyin salula daga Sabon Birni zuwa Maraɗi.

Sai dai bayyanar manhajojin ƙirƙirarriyar basira, waɗanda kan saurari murya su kwaikwaye ta, ta taso da wata tambaya: idan aka sa muryar marigayin ta rera baitin da bai taɓa rerawa ba, wa zai kai ƙara, kuma a kan wane laifi?

Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Najeriya cikin watan Maris na 2023 ta kare waƙa har shekaru 70 bayan rasuwar mai ita, ta kare ɗaukar sauti na shekaru 50. Ta kuma ɗora wa hukumar haƙƙin mallaka ta ƙasa kula da fasahohin gargajiya.

Amma abin da dokar ta kare shi ne baiti da kiɗa da faifai. Ba ta yi bayani a kan amon muryar mutum ba, balle a kan koyar da na'ura da waƙoƙinsa.

A ƙasashen waje an fara cike wannan giɓi. Jihar Tennessee ta Amurka ta kafa dokar hana kwaikwayon murya ba da izini ba a 2024. A 2023 jaridar New York Times ta maka kamfanonin OpenAI da Microsoft a kotu, a 2025 kuma kamfanin Anthropic ya amince ya biya marubuta dala biliyan 1.5.

Batun bai tsaya kan mawaƙa ba. A ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni, inda 'yan bindiga suka daɗe suna satar mutane, jama'a da dama sun dogara da saƙon murya na WhatsApp. Da murya ake tabbatar da cewa ɗan uwan da aka sace yana raye kafin a haɗa kuɗin fansa. Muddin ana iya ƙirƙirar ta, wannan shaida ta raunana.

Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a tun watan Yunin 2023, kuma a 2024 hukumar kare masu sayayya ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220, abin da ke nuna cewa hukumomi na iya taka wa manyan kamfanoni birki.

To amma manomin Gobir ko magadan makaɗin fada ba su da lauyoyin da za su bi kadinsu a Abuja. Matuƙar majalisa ba ta ayyana murya a matsayin haƙƙin mai ita ba, kariyar da suke da ita ba ta wuce kunnen wanda ya san muryar ta asali ba.