Shin Dabbu Shi Ne Damo?



Masana dabbobi ba sa haɗa kada da aligeto don kawai sun yi kama. Kada bakinsa tsukakke ne, haƙoransa na ƙasa suna waje ko ya rufe baki. Aligeto kuwa bakinsa mai faɗi ne, kuma a Amurka da Sin kaɗai yake rayuwa. Irin wannan lura nake roƙon mu yi wa damo.

A majalisun karatu na ƙauyukanmu, daga Bichi zuwa Ɗambatta, idan aka iso hadisin Bukhari da Muslim inda Khalid ɗan Walid (R.A.) ya ci gasasshen dabbu a gaban Manzon Allah (S.A.W.), sai a fassara shi da damo, a wuce. Ni dai ban gamsu ba. Dabbu ganye yake ci, jelarsa gajera ce mai kauri, cike da ƙaya, mazauninsa hamada, irin ta Larabawa ko duwatsun Azbin. Damonmu kuwa, sarkin haƙuri, wanda yara ke tonowa a gonakin gero, ƙwari da kunama da ƙwai yake ci, harshensa a rabe biyu kamar na maciji. Shi da guza, waral Larabawa suke ce musu.

Ban ce damo haramun ne ba. Hukunci na malamai ne, kuma Malikiyya tana da yalwa a babin abinci. Sai dai wanda zai halatta shi ya nemo dalilinsa a wani wurin, domin wannan hadisin ba a kansa ya zo ba.

Wallahu a'alam.